Chaina ce ta juya kasuwar duniya, ko kasuwar ce ta juya ta?

Ɗan Terminus: Assalamu alaikum 'yan gida. Malam, Allah ya gafarta, tambaya gare ni, amma ina so kowa ya sa baki. Duk abin da ke shagona a kasuwar Terminus ta Jos, daga caja da gilashin waya har fitila mai sola, babu wanda bai ratso teku daga Chaina ba. Mai takalma da ke kusa da ni haka, mai kwanuka haka. Mu da muka tashi muna jin kayan Ingila da ɗan Jamus da ɗan Japan, yaushe aka yi wannan juyi? Dabararsu ce ta kai su, ko Turawa ne suka buɗe musu ƙofa suka shigo suka gaje gidan?

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Ka bar zancen waya, ka zo layinmu ka gani. A turmi goma da zan sayar, da ƙyar ka sami ɗaya da ba daga can ya fito ba.

Malamin Naraguta: Wa alaikumus salam. Duka biyun ne, Alhaji, sai dai ba a rana ɗaya ba. A ƙarshen 1978 jagoransu Deng Xiaoping ya karkata akalar Sin, wato Chaina, zuwa kasuwa. A lokacin mafi yawan mutanenta manoman ƙauye ne, matalauta ƙwarai. Ba su wangale ƙofa gaba ɗaya ba. A 1980 suka keɓe wasu 'yan yankuna a bakin teku, cikinsu har da Shenzhen da ke maƙwabtaka da Hong Kong, suka ce baƙo ya zo nan ya kafa masana'anta, za a sassauta masa haraji. Waɗanda suka fara zuwa 'yan'uwansu ne na Hong Kong da Taiwan, masu ɗinkin riguna da takalma da kayan wasan yara, don albashi ya yi musu tsada a gida. Matasa suka riƙa kwararowa daga ƙauyuka.

Babbar ƙofar ita ce ta Disamban 2001, da suka shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya bayan shekara 15 ana ciniki a kan sharuɗɗa. Daga nan kamfanonin Amurka da Turai da Japan suka sakankance cewa abin da suka ƙera a Sin zai shiga kasuwanninsu ba tare da fargabar a wayi gari an lafta masa haraji ba. A 2009 Sin ta wuce Jamus a fitar da kaya, a 2010 ta wuce Japan ta zama ta biyu a girman tattalin arziki. Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci cikin shekara 40. Ba a yi shi kyauta ba. Kafin shiga ƙungiyar, a ƙarshen shekarun 1990, sun rufe ɗimbin kamfanonin gwamnati da ba sa kawo riba, miliyoyin ma'aikata suka rasa aiki.

'Yar Gangare: Malam, mu ma ai muna cikin ƙungiyar nan tun 1995, mun riga su da shekara shida. Me ya sa tamu shigar ba ta haifar da komai ba?

Malamin Naraguta: Kin taɓo inda nake so. Su sun shiga da kayan sayarwa, mu mun shiga da jakar cefane. Kuma suna da sharaɗi ga baƙo. Kamfanin Volkswagen da ya je Shanghai a tsakiyar shekarun 1980, sai da ya yi haɗin gwiwa da kamfanin gida. Shekaru da yawa doka ce: mai ƙera mota daga waje ba zai mallaki fiye da rabi ba. Da suka tashi yin jirgin ƙasa mai gudun tsiya, a wajen 2004, suka gayyaci kamfanonin Japan da Jamus da Faransa da Kanada, suka ce wanda ke son kwangila sai ya koya wa injiniyoyinsu aikin. Layin farko, Beijing zuwa Tianjin, ya buɗe a 2008. Yau suna da sama da kilomita 40,000, kuma su ke zuwa ƙasashen mutane suna shimfiɗa dogo. Kuɗinsu ma ba su bar shi ya riƙa fita yadda aka ga dama ba. Sun toshe Facebook da Google, nasu irin su WeChat da Alibaba suka girma a bayan katanga.

Ɗan Dilimi: Wato sun ci kasuwar mutane, tasu kuma sun sa mata ƙofa da kwaɗo. Wannan ai ba dabara ba ce kawai, akwai son kai.

Malamin Naraguta: Akwai. Amma Ingila da Amurka ma da katangar haraji suka yi renon masana'antunsu kafin su fara wa'azin a buɗe kasuwa.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, ni ban yi dogon karatu ba, amma na san Kakuri, unguwar masaƙu ta Kaduna. Yayata a can ta yi aure, mijinta ma'aikacin masaƙa. In aka tashi daga aiki da yamma, titi ba ya biyuwa don kekuna. Yau ka je ka ga ciyawa ta cinye wurin. In ka tambayi tsofaffin ma'aikatan wa ya kashe su, amsa ɗaya ce: atamfar Chaina. Ni kuma da nake sayar da ita, wallahi raina biyu. Matar da mijinta ke tura baro a Farin Gada, a da sai ta shekara ba ta ɗaura sabon zane ba. Yanzu da sallah ta ɗinka, 'ya'yanta su ɗinka. Yaro mai ƙaramin ƙarfi yana iya haɗa lefe. Wa zai ce mata ta koma sayen Holan don kishin ƙasa?

Malamin Naraguta: Hajiya, abin da zai ba ki mamaki, babbar masaƙar nan ta Kaduna, UNTL, mutanen Sin ne na Hong Kong suka kafa ta a 1964. Wato karo na farko sun zo sun yi saƙa a nan, da audugarmu da hannun 'ya'yanmu. Karo na biyu suka saƙa a gida suka turo mana. Abin da ya canza tsakanin zuwan biyu a wurinmu yake. Bayan shirin SAP na 1986 naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Wuta babu, sai baƙin mai da janareta. Noman auduga a Funtuwa da Gusau da Gwambe ya ja baya. Fasa-ƙwauri ta Kwatano da Maraɗi ya zama sana'ar manya. Sai kuma a Janairun 2005 aka kawo ƙarshen tsarin da ke ƙayyade yawan yadin da kowace ƙasa za ta fitar, masaƙun Sin suka sami fili. A 2007 UNTL ta rufe. Chaina ta same mu a kwance ne, ba ita ta kayar da mu ba.

Hajiya Mai Atamfa: To amma ta taka mu da ta same mu. Ka manta 2012, da jami'an shige da fice suka kama 'yan Chaina a Kantin Kwari? Ba su tsaya ga kawo sari ba, har sun zauna a shago suna sayar da turmi ɗaɗɗaya. Mai masaƙa shi ne dillali, shi ne mai shago. Mu mu ci me?

Ɗan Dilimi: Hajiya, tsakani da Allah, wa ya kai su? Mutanenmu ne suka ɗauki zanen Holan da na Kaduna suka kai Guangzhou suka ce a buga musu irinsa a rabin kuɗi. Haka a wurinmu masu kayan gyaran mota. Kayan Chaina hawa-hawa ne. Masana'anta ɗaya za ta yi maka birki mai kyau in ka biya, ta yi maka na kwana uku in ka ce araha kake so. Wanda ya yi odar na kwana ukun ɗan Nijeriya ne, wanda ya bar shi ya wuce tashar jirgin ruwa ma ɗan Nijeriya ne. Waya mafi tsada a duniya a can ake harhaɗa ta, ba ka ji an ce jabu ba ce.

Ɗan Terminus: Wannan gaskiya ne. Kuma ku duba Tecno. Kamfanin da ke yin ta, Transsion, a Shenzhen yake, shi ke yin itel da Infinix. Ba kasuwar gidansu suka nufa ba, mu suka nufa. Sun lura kowa na yawo da layi biyu saboda sabis, suka sa gidan sim biyu. Sun lura ba mu da wuta, suka sa batir mai daɗewa. Suka gyara kyamara ta riƙa fito da baƙar fata sosai, suka sa Hausa a cikin harsunan wayar.  Shi ya sa yau babu mai sayar da waya a Afirka kamarsu.

Baba na Bukuru: Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta min, ku yi haƙuri da tsawo. Ina jin ku kuna maganar dunƙulewar duniya kamar jiya aka fara ta. Garin Jos ɗin nan da muke zaune kasuwar duniya ce ta haife shi. Kuza ce ta kawo kakanninmu daga Kano da Bauci da Zariya da Borno. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Ingila ke haƙa a nan. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso, a 1927 babban layi daga Kafanchan ya iso, ba don a ɗauki fasinja ba, don a kwashi kuza zuwa teku. Wutar Kurra Falls da muke alfahari da ita, wadda kamfanin lantarki na NESCO ya kafa tun wajen 1930, don injunan haƙa aka yi ta. Lokacin yaƙin Hitila, da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuza, sai aka dawo kanmu. Aka riƙa ɗebo mutane da ƙarfi daga ƙauyukan Arewa, abin da iyayenmu ke kira ɗiban gwamna. Da yawa sanyin dutse da yunwa suka kashe su. Mahaifina ya ga wannan da idonsa.

Shekara kusan 60 ana kwasar ƙasar nan ɗanya zuwa Ingila kafin a gina wurin narka ta a Makeri, farkon shekarun 1960. A shekarun 1950 mu ne kan gaba a duniya a ma'adinin kwalambait. Sai Oktoban 1985, ƙungiyar da ke riƙe farashin kuza ta duniya ta durƙushe a Landan, farashi ya zube kusan rabi. Wanda ya yanke wannan hukunci bai san inda Barikin Ladi yake ba. Abin da aka bar mana ku je ku gani: kududdufai da ke cin yara da shanu duk damina, da gonakin da ba sa nomuwa.

Yanzu ina zaune ina ganin motoci na zuwa sayen kuza da kwalambait, yara na shiga rami da fitila a goshi, rami na ruftawa da su. Mai saye ya canza fuska, amma buhun ɗanye yake tafiya kamar na zamanin mahaifina.

Mai Unguwa: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Allah ya jiƙan magabata.

'Yar Gangare: Amin. Baba, wannan ba a koya mana shi a makaranta ba, alhali a kan ramukan muke zaune.

Injiniyan Idu: Baba, Allah ya ja kwana. Ban musa ko ɗaya ba, amma a bar ni in faɗi ɗaya gefen, tunda ni a Abuja nake aiki kuma duk wata ina hawa hanyar gida. Wanda ya san Kefi zuwa Akwanga a da, ya san ta yanzu da aka raba ta biyu. Kamfanin Chaina ne ya yi, da bashin bankinsu. Jirgin Abuja zuwa Kaduna, Idu zuwa Rigasa, kilomita 186, an buɗe shi a Yulin 2016, kamfanin CCECC na Chaina ya gina, bankin Exim na Chaina ya ba da dala miliyan 500. Sabon ɓangaren filin jirgin saman Abuja a 2018, dogon Legas zuwa Ibadan a 2021, tashar ruwa ta Lekki a 2023, madatsar Zungeru mai megawat 700. Shekara nawa muka yi Turawa na ba mu taron bita da takardun shawara? Waɗannan sun zo da siminti da rodi.

Kuma ba don Allah suka yi ba, na sani. Bayan rikicin kuɗi na 2008, oda daga Amurka da Turai ta tsaya, kimanin ma'aikata miliyan 20 'yan ci-rani suka koma ƙauye. Gwamnatinsu ta zuba yuwan tiriliyan 4 a gine-gine don kada a zauna. Suka wayi gari da kamfanonin gini da masana'antun ƙarfe da siminti fiye da bukatarsu. Shirin nan na hanyoyi da tashoshi da shugabansu Xi Jinping ya ƙaddamar a 2013, wani ɓangarensa neman wa waɗannan kamfanoni aiki ne a waje. Bukatarsu ta haɗu da tamu.

Ɗan Dilimi: Injiniya, bashin fa? An ce in muka kasa biya za su karɓe ƙasa. Har majalisa ta yi ta hayaniya a 2020. Kuma ga jiragen shugaban ƙasa da aka riƙe a Faransa.

Injiniyan Idu: Abu biyu ka haɗa. Jiragen da kotun Faransa ta ba da izinin riƙewa a Agustan 2024, ba bashin dogo ba ne. Rigima ce tsakanin wani kamfanin Chaina da gwamnatin jihar Ogun a kan yankin masana'antu, aka je sulhu, aka yanke mana biya, ba mu biya ba. Shi kuwa bashin Chaina kusan dala biliyan 5 ne. A cikin ƙasashe ita ce ta fi bin mu, amma na Bankin Duniya ya kai ninkinsa uku. Abin da ya fi damuna ba girman bashin ba ne. Shin jirgin na tara abin da zai biya kansa? In tikiti na zurarewa ta aljihun wasu, ko daga aljanna aka ciyo bashin sai ya zame mana kaya.

Malamin Naraguta: Injiniya, na yarda da rabi. Inda muka rabu: ka kwatanta da abin da su suka yi a 2004. Sun ce wa kamfanin Siemens na Jamus da Kawasaki na Japan sai kun koya mana. Mu da muka ba su kwangilar dogo, wane sharaɗi muka kafa? Shekara kusan goma da buɗe layin Kaduna, tarago nawa muka ƙera? Kai injiniya ne, ka fi ni sani.

Injiniyan Idu: Malam, an tura yara karatu can, an kuma gina jami'ar sufuri a Daura. Amma in kana nufin ƙera tarago da kan jirgi, a'a. Sai dai ka tuna wanda ya kawo kuɗi shi ke da bakin magana. Su lokacin da suka kafa sharaɗi da kuɗinsu suka sayi jiragen, kuma kasuwarsu ta mutum fiye da biliyan ce, babu kamfanin da zai iya juya mata baya.

Malamin Naraguta: Mu ma mutum fiye da miliyan 200 ne. Ba ƙaramar kasuwa ba ce, ba mu taɓa yin ciniki da ita ba ne.

'Yar Gangare: Ni abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda aka yi musayar riga. Amurka da ta yi ta matsa wa duniya a buɗe kasuwa, ita ce tun 2018 ke lafta haraji a kan kayan Chaina, a 2025 har ya kai kashi 145 cikin 100 na ɗan lokaci. Ta hana kamfanin Huawei na Chaina kayan aiki, ta hana a sayar wa Chaina manyan ƙwayoyin kwamfuta. Shi kuma shugaban jam'iyyar kwaminis ta Chaina, Xi Jinping, ya je taron tattalin arzikin duniya na Davos a 2017 yana kare cinikin duniya. Ngozi Okonjo-Iweala na shugabancin Ƙungiyar Ciniki tun 2021, amma kotun ɗaukaka ƙarar ƙungiyar ta daina aiki tun Disamban 2019, don Amurka ta hana a naɗa alƙalai. To dokar wa ake bi yanzu?

Malamin Naraguta: Ta mai ƙarfi. Amurkawa sun ɗauka in Sin ta yi arziki za ta koma irinsu a siyasa, kuma za ta tsaya a ɗinkin riga da takalmi. Duka biyun ba su faru ba. Garuruwan masana'antu a can Amurka sun mutu kamar Kakuri, kuma ƙuri'un mutanen waɗannan garuruwa na cikin abin da ya kawo Trump. Amma kada ku ɗauka ita Sin ta fita lafiya. Kasuwar da ta ɗaga ta ta kuma ɗaure ta. Babu mai sayen ɗanyen mai a duniya kamarta. Ƙarfenta da tamar Ostareliya da Burazil ake narka shi, dabbobinta da waken suyar Burazil da Amurka ake kiwonsu. Mafi yawan man nan ta mashigin tekun Malaka, tsakanin Malesiya da Indunusiya, yake bi, wurin da jiragen yaƙin wasu za su iya tarewa. Albashi ya tashi, masu ɗinki sun fara komawa Biyetnam da Bangaladash. Harkar gidaje ta rufta tun rikicin kamfanin gine-gine na Evergrande a 2021. A 2022 yawan jama'arta ya ragu, karo na farko cikin shekara 60, a 2023 Indiya ta wuce ta. Mutanenta ba sa kashe kuɗi kamar yadda masana'antunta ke zubo kaya, dole sai an fitar. A 2024 rarar cinikinta ta kusa dala tiriliyan ɗaya. In Amurka da Turai suka rufe ƙofa, ina kuke jin kayan za su nufa?

Ɗan Terminus: Terminus.

Hajiya Mai Atamfa: Wallahi kuwa.

Injiniyan Idu: Kuma ba duka ne sharri ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na faifan sola na duniya a can ake yi, sun yi yawa har farashi ya faɗi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ku duba rufin gidaje a Rikkos da Unguwar Rogo. Masu noman rani suna ajiye injin fetur suna sa famfo mai sola. Rigimar manya ce ta sauko mana da wutar da gwamnatinmu ta kasa ba mu.

Ɗan Dilimi: Ku kuma daina mantawa da Indiya. Lokacin da ake acaɓa a cikin gari, Jincheng ta Chaina ce ta fara cika titi, sai Boxer ta Bajaj ta zo ta kore ta don ta fi jure wahala. Keken da muke hawa yau, Bajaj ne ko TVS, duk na Indiya. Maganin da ke kemis, da yawa nasu ne. Su ma sai 1991 suka buɗe kasuwarsu, da kuɗin waje ya ƙare musu. In masu sayarwa sun yi biyu, mai saye ya sami bakin taya.

Abu Ammar: Duk na ji, amma ba wanda ya ambaci 'yan'uwanmu Musulmin Uighur na Chaina. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a Agustan 2022 a kan tsare su da ake yi a Xinjiang. Chaina ta musanta, ƙasashen Musulmi da yawa kuma suka yi gum. Ciniki ne ya rufe bakin. Kuma ba mu manta yadda aka fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya a Guangzhou lokacin korona a 2020 ba.

Malamin Naraguta: Maganarka na kan hanya, Malam Abu Ammar, kuma tana cikin batun. Wanda ke bin ka bashi, yake kuma sayen manka, ba ka ɗaga masa murya. Da Landan da Washinton ake jin wa wannan nauyin, yanzu an ƙaru da Beijing.

Ɗan Dilimi: Har jakuna ba su tsira ba. Fatar jaki suke dafawa su yi magani, jaki ya yi tsada a Maigatari har talaka ya kasa saye. Sai da Tarayyar Afirka ta hana cinikin fatar a Fabrairun 2024.

Mai Unguwa: Jama'a a dawo kan layi, kada mu ɓace a kasuwar jakuna.

Baba na Bukuru: Ku bar ni in ƙara ɗaya. Yanzu lithiyam ake yayi, na batirin mota da waya. Maƙwabtanmu na Nasarawa an buɗe musu masana'antar 'yan Chaina a Mayun 2024, ana niƙa dutsen ana tace shi kafin a fitar. Ya fi babu. Amma batirin a ina ake yin sa? Mu ma an yi mana Makeri, ba ta hana mu zama masu ramuka ba. Ina so in ji daga masu ilimi, akwai ƙasar da ta taɓa cewa a'a ta kuma ci riba?

Malamin Naraguta: Akwai, Baba. Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen nikel daga Janairun 2020. Tarayyar Turai ta kai ta ƙara Ƙungiyar Ciniki, aka ba Turai gaskiya a 2022, Indunusiya ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun nan da ba ta zama, ta ci gaba da abinta. Kamfanonin Sin da ke son nikel ɗin dole suka zo tsibirin Sulawesi suka gina wuraren narkawa. Kuɗin da ƙasar ke samu daga nikel ya ninka sau da yawa. Akwai kuka a kan gurɓatar ruwa da haɗurran ma'aikata, kuma mafi yawan masana'antun na baƙin ne. Duk da haka, darasin Sin ta karanta ta juya shi a kan Sin. Zimbabuwe ma ta hana fitar da ɗanyen lithiyam a ƙarshen 2022.

Injiniyan Idu: Malam, narka dutse wuta yake ci, ba takardar doka ba. Indunusiya sai da aka gina wa masana'antun nan tashoshin kwal nasu na kansu. Mu ƙasa guda muna raba megawat 4,000 zuwa 5,000. Ka hana fitar da ɗanye yau ba tare da wuta ba, gobe buhunan su bi ta daji su fita, ka rasa harajin ma. Mun gani da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, shinkafa ba ta daina shigowa ba, tsada kawai ta yi.

Malamin Naraguta: To a sa wutar cikin sharaɗin. Mai son lasisin haƙa ya gina tasharsa, ya ba garin da ke kusa. NESCO ta yi haka shekara kusan 100 da suka wuce, a kan wannan dutsen.

Injiniyan Idu: Wa zai tsaya a kan sharaɗin? Lasisi a Abuja ake bayarwa, ramin yana Wase, mai unguwa da ɗan sanda da ɗan siyasa kowa na da kasonsa a buhu. A 2025 Chaina ta ce za ta cire haraji a kan kayan ƙasashen Afirka 53, har da mu. Ƙofa ce a buɗe. Me za mu tura ta ciki? Riɗi, ɗanyen mai, gas, da dutse.

'Yar Gangare: Da dankalin Bokkos, in ya kai Legas bai ruɓe ba.

Ɗan Terminus: Ni dai abu ɗaya na gani da idona ya canza. Da sai ka nemi dala wurin 'yan canji, ka mai da ita yuwan, ka yi asara sau biyu. Tun 2018 aka ce Babban Banki ya yi yarjejeniyar musayar kuɗi da su, yuwan biliyan 15, amma mu ƙananan 'yan kasuwa ba ta iso mu ta banki ba. Yaran Kano da ke zaune a Guangzhou da Yiwu su suka warware mana. Ka tura naira nan, su biya mai kaya ta waya a can, su haɗa maka da na wasu a kwantena ɗaya. Ban taɓa hawa jirgi ba, amma ina ciniki da masana'anta.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji, to ka turo min lambar wakilin naka ta bayan fage. Bana hutun sabuwar shekararsu ya zo daf da azumi, masana'antu za su rufe makonni. In ban sa oda cikin watan nan ba, kayan sallah sai bayan sallah.